Matafiyar Hawa Na Biyar

Filomina ta shekara tara tana share jiragen sama a filin jirgin JFK, amma tun ranar da jirgi ya sauke ta a New York ba ta sake ɗora jikinta a kan kujerarsa ba. Mutuniyar Kafanchan ce, doguwa, mai sanyin magana. Tana zaune ita kaɗai a hawa na biyar na wani tsohon bene a titin Grand Concourse. 'Yarta guda, Hosanna, tana can gida tana karatun aikin jinya, don haka duk mai jin Hausa a unguwar Maman Hosanna yake ce mata.

A cikin jiragen da take sharewa akwai wanda ta fi so. Talata da Asabar yake zuwa, daga wani ɗan tsibiri a tekun Karibiyan. Sauran jirage ɓawon gyaɗa da tsofaffin jaridu ake bari a cikinsu, shi kuwa wannan yashi yake kawowa. Farin yashi mai laushi kamar garin shinkafa, a ƙarƙashin kujeru, a jikin kafet, har a bayan gida. Abokan aikinta tsaki suke yi, ita kuwa takan dangwala da yatsa ta ɗan murza. A aljihun kowace kujera kuma akwai mujalla mai wani hoto: bakin teku, bishiyar kwakwa ta sunkuya, a inuwarta doguwar kujera babu kowa a kai. Filomina ta gyara wa mujallar nan zama ya fi sau dubu. Kujerar nan ce ke tsone mata ido, har ta fi ruwan.

To, a farkon shekarar 1994 kamfanin ya raba wa tsofaffin ma'aikata tikitin kyauta. Irin na jiran gurbi ne: sai masu biya sun gama shiga, in kujera ta ragu a kira ka, in ba ta ragu ba ka koma gidanku. Kuma dole a fara tafiyar kafin Fabrairu ta ƙare, in ba haka ba ya zama takarda kawai. Shugabanta bai sa mata hannu a takardar hutu ba sai da aka shiga makon ƙarshe. Jirgi biyu ke nan suka rage mata, na Talata da na Asabar.

Ranar Lahadi da ta dawo daga coci ba ta ma cire ɗankwalinta ba, ta fito za ta zaga maƙwabta. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Zuweira, maƙwabciyarta ƙofa da ƙofa, 'yar Zangon Kumasi mai aikin kula da tsofaffi.

"Maman Hosanna, ina zuwa haka da kayan coci?"

"Sallama zan yi wa mutane, Anti Zuweira. Jibi ne tafiyar."

"Nan fa Amurka ne. Mutum ya ɗauki jakarsa ya fice, ko kyanwar gidan ba ta sani."

"A wajenmu ko Kagoro za ka je sai ka leƙa maƙwabta. In na mutu a hanya fa?"

"In kin mutu ai za mu ji," in ji Zuweira, ta shige ɗakinta tana dariya.

Haka Filomina ta bi ƙofa ƙofa tana faɗin abin da uwarta ta koya mata: zan yi tafiya, ko akwai saƙo? A gida kowa ya san amsar wannan tambayar. A gaida mutanen can, Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan. Abin da ba ta sani ba, gida uku a benen nan 'yan tsibirin ne, kuma an yi shekaru ba wanda ya tsaya a ƙofarsu ya yi musu irin wannan tambayar.

Mista Selwin mai kula da benen ya kalle ta ya sake kallonta, sannan ya shiga ciki ya fito da dogayen takalman roba, wai na wansa ne masunci. Wata ma'aikaciyar asibiti a hawa na biyu ta ciro hoton auren 'yarta daga bango, ta naɗe da tawul, a kai wa kakar amarya. Ta ƙarshe ita ce Mis Yudora, tsohuwar da ke hawa na huɗu, ɗakinta daidai ƙarƙashin na Filomina. Shekarunta sun kusa tamanin, da sanda take tafiya, kuma ba ta buɗe ƙofa sai ta tambayi wane ne sau biyu.

Da ta ji inda za a je, sai ta zauna a hankali a bakin gado.

"'Yata, tsibirina za ki?"

"Haka na ji yanzu, Mama."

Tsohuwar ta jawo wani gwangwanin biskit, ta fito da tabarau guda uku, kowanne a cikin safa. Ta ce tana da ƙanwa a can kan tudu, sunanta Kilaris. Shekara arba'in suna rubuta wa juna wasiƙa duk wata. Shekara biyu ke nan Kilaris ta daina amsawa, sai wata maƙwabciya ta aiko cewa lafiyarta lau, idon ne ya daina ganin rubutu. Mis Yudora ta je kantin magani ta sayi tabarau na karatu, da ba ta san wanda zai dace ba ta sayi ƙarfi uku.

"Sai an sa mata ɗaya bayan ɗaya an gani," in ji ta. "Ki kai mata da hannunki."

"Zan kai, Mama. Ba ni adireshin."

Mis Yudora ta yi 'yar dariya. A kan tudun nan, wai, gidaje ba su da lamba. Dukansu uku kwatance suka rubuta mata, kowa da hannunsa. Na Mista Selwin shafi ɗaya ne, na matar asibitin bayan ambulan, na Mis Yudora kuwa shafi huɗu gaba da baya.

Ranar Talata da safe sai ka ce amarya za a kai. Sumani mijin Zuweira, mai tasi, ya ja motarsa har bakin ƙofa. Mista Selwin ya ajiye shebur ɗin da yake kwashe dusar ƙanƙara ya ɗauko mata akwati. Mis Yudora ta aiko da guzurin kek mai gyaɗar ƙamshi, ta tsaya a taga tana ɗaga hannu. Har waɗanda ba su san sunan Filomina ba sun ce ta sauka lafiya.

A filin jirgi ta zauna kusa da ƙofar shiga, tikiti a hannu. Lokacin sanyi ne, duk mai hali yana gudun New York. Fasinja suka yi ta shiga da hulunan kaba a hannu, har ba saura kowa. Matar da ke kan tebur ta dube ta ta girgiza kai. Jirgi ya cika, sai Asabar.

Ba rashin tafiyar ce ta fi damunta ba a hanyar dawowa, tana jan akwati daga bas zuwa jirgin ƙasa. Taga ta hawa na huɗu take ta tunawa. Mutum ya yi sallama, an yi masa addu'a, ya ma gutsuri guzuri, sannan a gan shi da rana tsaka yana jan akwati zuwa gida? Ta iso ana tsakiyar aiki, benen shiru. Ta bi ta matakalar baya, ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta hau har hawa na biyar. Ta kulle ƙofa, ta saki labule. A ranta ta ce kwana huɗu ne kawai, in Asabar ta zo ta sulale ta fita, ba wanda zai san an yi haka.

Ta kwanta da kayan jikinta, ba ta farka ba sai da hasken Laraba ya cika ɗakin.

Abin mamaki, waya ba ta yi ƙara ba. Ba wanda ya ƙwanƙwasa neman gishiri, ba 'yar coci da ta kira a kan taron zumuntar mata, ba shugaba mai neman wanda zai maye gurbin wani. Duniya duka ta san Filomina tana tsibiri. Hitar ɗakin, tsohon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin taga, tana ta huci tana fitar da ɗumi har gilashi ya yi gumi. Filomina ta ɗaura zani a ƙirji, ta jawo kujera kusa da ɗumin, ta miƙe ƙafafu. Da ba ta da abin yi, sai ta ɗauko takardar Mista Selwin.

Ya rubuta cewa kada ta tsaya a bakin tekun da otal-otal suke. Ta shiga ƙaramar bas mai zuwa arewa, in ta ga coci mai shuɗiyar ƙofa ta ƙwanƙwasa rufin motar, haka ake tsayar da direba. Daga nan ta gangara. Yashin wannan gaɓar baƙi ne wuluk, yana ƙyalli, kuma da hantsi yana ƙona ƙafa. Kada ta tambayi gidan wansa, don ba ya zama a gida. Ta jira har ta ji an busa ƙatuwar katantanwar teku kamar ƙaho. Wannan alama ce taru ya iso gaɓa. Duk wanda ke kusa yana kama igiya, malamin makaranta da mahaukaci da baƙo, kuma duk wanda ya ja yana da kifinsa. Wanda ke can ƙarshen igiyar yana zagin kowa, shi ne wan nasa.

Filomina ta karanta sau biyu ta lumshe ido. Hucin hita ya koma mata kamar ruwa yana ja da baya a kan yashi. Ta ji igiya jiƙaƙƙiya a tafin hannunta, ta ji wata mata a gabanta tana waƙa, jikinsu duka yana kwantawa baya lokaci guda. Kifi ƙanana suna tsalle kamar an watsa cokula a rana. Wani tsoho mara takalmi yana ta faɗa, ita kuma ta rasa yadda za ta saki igiyar ta miƙa masa saƙonsa.

Ƙarar makulli ce ta dawo da ita. Zuweira ce, da kofin ruwa a hannu, ta zo ba shukar Filomina ruwa kamar yadda suka yi alkawari. Ta tsaya turus.

"Innalillahi. Maman Hosanna, ke ce ko fatalwarki?"

"Rufe ƙofar, Anti, don Allah. Yi magana a hankali."

Da ta ji labari, Zuweira ta toshe baki da gyale tana dariya har hawaye.

"Ban gaya miki ba? Da kin fice shiru, da kin dawo shiru. Yanzu ga ki baƙuwa a ɗakinki. Yaya tsibirin? Akwai sauro?"

"Ki yi ta dariya. Ki dai rufa mini asiri zuwa Asabar."

"Me kike ci?"

"Kek ɗin Mama Yudora. Ina tsoron ɗora tukunya, ƙamshi zai fita."

Da yamma Zuweira ta dawo da kwanon shinkafa da wake a ƙarƙashin mayafi, da yajin nan baƙi na mutanen Gana. Ta zauna a ƙasa, Filomina ta karanta mata bayan ambulan ɗin matar asibiti. Gajere ne. Kakar amarya tana zaune kusa da wata tsohuwar rumfar shanya 'ya'yan koko, wanda ake cakulan da shi. In an yi sa'a ranar juyi ce, za a ga mata sun cire takalma sun hau kan kokon suna rawa, suna murza shi da ƙafa har ya yi sheƙi, wani yana buga musu garwa.

"Rawa a kan koko?" in ji Zuweira. "Mu a ƙasar Asante, can Gana, da hannu muke juya shi, bayanmu na ciwo. Ashe wasu rawa suke yi. In kin je ki hau, ki taka mini guda ɗaya."

Ranar Alhamis Filomina ta yi wanka a hankali, ta shafa mai, ta yi ta barci tana farkawa. Ciwon da ya shekara a kafaɗarta ya sake ta. Dusar ƙanƙara tana sauka a bayan labule ba ƙara, ita kuwa tana cikin zani ɗaya tana gumi. Sai bayan azahar ta buɗe shafuka huɗun Mis Yudora.

Tsohuwar ba ta yi sauri ba. Ta fara da inda bas ke ƙarewa, wajen wata mata mai gasa wani ɗan itace kamar ƙatuwar gwanda, cikinsa fari kamar doya. Ta ce a saya a ci da kifi mai gishiri, don hawan da ke gaba ba a yin sa da yunwa. Daga nan hanya ta shiga ƙarƙashin itatuwa, inda rana ba ta taɓa ƙasa sai ɗigo ɗigo. Za a ji ƙarar ruwa tun ba a gan shi ba. Rafi biyu ne suka haɗu a gindin wani dutse, ɗaya mai sanyi daga tudu, ɗaya mai zafi daga cikin ƙasa, yana tururi yana warin ƙwai. Akwai wani faffaɗan dutse a tsakiya. In mutum ya zauna a kai, ƙafarsa ta dama tana cikin sanyi, ta hagu tana cikin zafi. Nan ita da Kilaris suke wanki suna yara, a wanke a na zafi a ɗauraye a na sanyi. Masu yawon buɗe ido ba su san wurin ba, kuma kada Filomina ta gaya musu.

Bayan rafin akwai gada ta gungumen itace, sai gonar ayaba, sai wani kare ja mai haushi wanda ba ya cizo, ko da yake, in ji ta, wataƙila yanzu jikansa ne. Sannan ƙasa za ta fara ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Mutanen tudun suna shimfiɗa ɓawon gyaɗar ƙamshi a hanyar gidajensu, don duk mai zuwa a ji tafiyarsa tun daga nesa, kuma kowane taku yana tayar da ƙamshi. In ta ji haka ta iso. Kilaris za ta riga ta fito baranda tana tambayar wane ne.

Filomina ta ajiye takardar a ƙirjinta. Ta sa ƙafa ɗaya a jikin hita, ɗayar a kan siminti mai sanyi na bakin ƙofar wanka, ta yi murmushi ita kaɗai. Haka ta yini a kan dutsen nan, ganyaye suna motsi a samanta, har hasken taga ya yi ja.

Da Zuweira ta shigo da abinci, Filomina ta ce, "Anti, ni fa na fasa."

"Kin fasa me?"

"Tafiyar. Hutu na je nema, ga shi na samu a ɗakina. Asabar ma jirgin cike zai zo, na san shi, ni nake share shi. In sake jan akwati in je in dawo? Kunya ɗaya ta isa. Zan zauna abina har hutun ya ƙare, sannan in fito in ce ban samu kujera ba. Ai ba ƙarya na yi ba."

"Kayan mutane fa?"

"A aika ta gidan waya."

Zuweira ta gyara murfin kwano. "Takalmi da hoto dai za su je. Amma ke kika je ƙofar tsohuwar nan da ƙafarki, Maman Hosanna. Ba ita ta kira ki ba."

Filomina ta jawo kwanon gabanta. Ta ci abincinta, ta mayar da takardun cikin akwati, ta tura shi bayan ƙofa.

Ranar Juma'a da la'asar tana gyangyaɗi a kujerarta ta ji wani sauti a matakala. Ƙwas, sai shiru, sai jan ƙafa. Ƙwas, sai shiru. An daɗe ana hawowa. Sannan aka ƙwanƙwasa ƙofarta da kan sanda, sau biyu, ba da ƙarfi ba.

"'Yata, buɗe. Ba zan iya tsayuwa da yawa ba."

Filomina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta yafa mayafi ta buɗe. Mis Yudora tana haki, ta sa rigar sanyi a kan rigar barci. Filomina ta kama ta ta zaunar a kujerar da ke kusa da hita, ita kuma ta durƙusa.

"Mama, ki yi haƙuri. Jirgin ne ya cika, ni kuma kunya..."

"Na sani. Kwana uku ina jin tabaran ƙanwata suna yawo a saman kaina. Daga gado zuwa taga, daga taga zuwa bayan gida." Ta dube ta sama da ƙasa. "Kin yi kyau kuwa. Iskar tsibirin ta karɓe ki."

Filomina ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa.

"Ranar farko na ce ɓarawo ne," in ji tsohuwar. "Sai na ji ɓarawon yana tafiya da sanɗa don kada ya tashe ni. Na ce wannan 'yata ce. Na bar ki ki huta, don na ga kina bukata. Amma gobe Asabar, kuma ban ji an jawo akwati daga bayan ƙofa ba."

"Mama, ina tunanin ko in aika miki su ta gidan waya. Zan naɗe su da kyau."

"Da na yi tun bara. Gidan waya a gari yake tsayawa. Wani zai karɓo mata, ya ajiye a tebur, ita kuma ta sa na farko, in bai yi ba ta ce idon ya mutu, ta mayar cikin safa. Na san ƙanwata, ba ta gwada abu sau biyu. Sai da mai taurin kai a kusa." Ta laluba aljihun rigar sanyinta ta fito da ambulan. "Wannan ban ba ki ba ranar Lahadi, don ban gama ba. In ta sa wanda ya dace, ki miƙa mata. Kada ki karanta mata, ko ta roƙe ki. Ki zauna kawai ki ga ta karanta layin farko da kanta, ki zo ki gaya mini yadda fuskarta ta yi."

Ta riƙe ambulan ɗin a tsakaninsu, ba ta saki ba.

"In kuwa ba za ki iya ba, ki ba ni kayana, ba komai. Ba wanda ya ɗaure ki. Ni dai ban san sau nawa kuma wani zai zo ƙofata ya ce akwai saƙo ba."

Hita tana huci. A waje wata mota tana ta fama da ƙanƙara, tayarta na juyawa wuri ɗaya. Filomina ta dubi kujerar da ta kwana uku a kai, ta dubi ambulan ɗin a hannun tsohuwar. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

"In jirgin ya sake cika fa, Mama?"

"Sai mu dawo tare. Ta ƙofar gaba."

Ranar Asabar da safe su huɗu suka shiga motar Sumani. Mis Yudora ta sa hular coci mai fure, ta ce shekara goma sha ɗaya rabonta da filin jirgi. Sumani ya dubi Filomina ta madubi.

"Hajiyar tsibiri, har kin dawo za ki sake komawa? Ina tsarabata ta farko?"

"Tuƙa motarka, Malam," in ji Zuweira. "Ka bar baƙuwa ta huta."

A wancan lokacin masu rakiya suna shiga har bakin ƙofar jirgi. Suka sami kujeru suka zauna, Mis Yudora a tsakiya, sandarta a tsakanin gwiwoyi. Fasinja suka fara shiga layi layi. Filomina ta ga wani saurayi da budurwa su ma da irin tikitinta, kuma sun riga ta rubuta suna. Ta daina kallon layin, ta koma kallon jirgin ta gilashi. Abokan aikinta suna saukowa da buhunan shara, ɗayansu yana karkaɗe yashi daga wandonsa.

Layi ya ƙare. Matar teburin ta yi ta danna injinta, sannan ta kira saurayin da budurwar. Kujera ɗaya ce ta rage, in ji ta, wanne zai shiga a cikinsu? Suka dubi juna. Yarinyar ta ƙanƙame hannunsa, shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce tare suka zo. Matar ta sake duba takardarta, ta ɗago kai ta yafito Filomina.

Zuweira ce ta tura ta. "Je ki, kafin su yi faɗa ɗaya ya shiga."

Filomina ta rungume jakarta, ta durƙusa wa Mis Yudora a gurguje, ta nufi ƙofa. Ta shiga dogon lungun da ke kaiwa jirgi ke nan ta ji muryar tsohuwar a bayanta, da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"In direban bas ya ce hanya ta yanke, ƙarya yake, ƙiwa ce. Ki ce masa gidan Kilaris za ki."

"To, Mama."

"Kuma kada ki fara da mai ƙarfin. Fara da na cikin farar safa."

"Na ji, Mama."

"Dutsen rafin yana da santsi ta gefen zafi, ki hau ta..."

Aka ja ƙofar aka rufe. Kujerarta tana can baya, a tsakiyar wani mai ƙiba da wata mata mai goyo. Ta zauna, ta ɗora jakar a cinya, ta zura hannu ta taɓa safa uku da ambulan, ta bar hannun a ciki. Jirgi ya yi gudu ya ɗaga, ya karkata a kan teku mai launin toka, da ƙanƙara a gefe gefe, sannan ya miƙe kudu.